An Buga wa Eutimio Uku

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Shamuwa ta dawo kan hasumiyar coci yau, daidai ranar Waliyyi Blas kamar kowace shekara. Namijin ne ya fara isowa, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ƙare wa sheƙar bara kallo kamar wanda aka bar wa gyaran gida. Na ɗauki waya zan gaya wa mijina Eutimio, sai na tuna 'yarmu Begoña ta hana ni kiransa da safe, wai lokacin likitoci ke zagaye. Na ajiye wayar na gaya wa kyanwa.

Begoña ce ta sayo mini littafin nan. Ta ce, "Mama, ki riƙa rubutu, ki daina hira da kyanwa." To ga shi ina yin duka biyun.

Tun bayan sabuwar shekara mijina yake asibitin birni. Ni nake buga ƙararrawar tsakar rana a madadinsa, da igiya daga ƙasa, don gwiwoyina sun daina hawa sama. Yayarsa Primitiva ta ce bugun nawa kamar ana korar kaji daga lambu. Primi ta wuce tamanin, kunnenta ɗaya ya mutu, amma kuskurena kam garau take jin sa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da yamma

An rufe mana hasumiya.

Wata mata ce ta zo daga hukumar adana gine-ginen tarihi, Doña Nuria, da hular kwano da takalman maza. Ta hau, ta daɗe, ta sauko fuska ba walwala. Ta ce tsagar da ke bangon arewa ta buɗe. Na ce mata tsagar nan ta girme ni, a cikinta mahaifin Eutimio yake ɓoye tabarsa don kada matarsa ta gani.

Ta ce, "Doña Casilda, hannunki yana shiga ciki?"

Na ce, "Yatsu dai."

Ta ce, "Zo ki gwada."

Ashe tsagar ta sauko har kusa da ƙofa ban lura ba. Hannuna ya shige har wuyan hannu. Ban ƙara cewa uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta ce ba bugu, ba hawa, sai sun auna. Ginin ya shekara ɗari takwas, yana cikin waɗanda gwamnati ke karewa, ko ƙusa ba a kafa masa sai da izini. Ta karɓi makulli cikin ladabi, har da riƙe mini hannu. Na so in tsane ta, abin ya gagara, don ta ci wainar ƙwaina da dankali har ta nemi ƙari.

Na roƙi Primi kada ta gaya wa Eutimio.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan azahar

Sha biyu ta yi ba wanda ya sani. Fermín mai mashaya bai ɗora tukunya ba sai da cikinsa ya tuna masa. Kowa da agogo a hannu, kowa ya makara.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma, cikin motar dawowa

Primi ta gaya masa. Wai ba ita ta faɗa ba, tambayarta ya yi ta kasa ƙarya. Primi da ke ɓoye karta a hannun riga duk Lahadi.

Ya rame, amma askin da Begoña ta yi masa ya yi kyau. Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Likitan nan mai dogon wuya ya sake zuwa da maganar aikin tiyata. Ya ce in an yi cikin watan nan, akwai kyakkyawan zato. Abin da zai faru in ba a yi ba, a waje ya gaya wa Begoña, ni ina ciki ina ninke tawul. Na ninke, na warware, na sake ninkewa.

Eutimio ya ce shi ba za a yanka shi ba.

Ya ce, "Sun rufe bakin Barbara, ni ma a bar ni in huta. Me zan koma in yi? In zauna a dandali ina gadin tattabaru?"

Barbara ce babbar ƙararrawa, ƙaramar kuma Agueda. Ya fi shekara hamsin yana buga su, yana kiran sunansu kamar shi ya haife su. Begoña ta daɗe da haƙura da ƙannenta biyu na tagulla.

Na ce masa wannan taurin kai ne kawai. Ya ce gado ne, in tambayi Primi. Miyar tafarnuwar da na kai masa ko buɗewa bai yi ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Fada Abilio ya zo yin sujada ya tarar da kujeru ba kowa. Shi ma da uzurinsa, ƙauyuka da yawa ke wuyansa, ba ya zuwa lokaci ɗaya, ƙararrawa ce ke gaya mana ya iso. Primi ta ce a bar mata. Ta koma gida ta ɗauko kaskon suya da ludayi, ta tsaya tsakiyar dandali tana dukansa iya ƙarfinta. Mutane sun fito kuwa, amma kowa da kwano a hannu, sun zaci mai kifi ne ya zo. Fada ya ce tun da sun riga sun fito, su shigo da kwanukan nasu. Haka muka yi addu'a, kowa da kwano a cinya.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na juya gefen dama in taɓa wa Eutimio gwiwa, na manta ba ya nan.

Matar shamuwa ita ma ta iso. Tun safe suke kaɗa baki suna gaisawa, ba su san an hana hayaniya a saman nan ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Bai yarda ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da safe

Kofi biyu na zuba. Na shanye duka don kada a yi asara, ga hannuna yana rawa, rubutun ya zama kamar sawun kaza.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na ba shi labarin Primi da kaskon suya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, mutumin gadon kusa da shi ma ya taya shi. Na ji daɗi, na ce yau za a dace. Da ya huta sai ya ce, "Casilda, rigar nan tawa mai ruwan toka, ki fito da ita a goge."

Na ce asu ya cinye ta. Ƙarya nake, tana nan lafiya lau a kabad.

A waje Begoña ta tare ni. Yarinyar nan tun tana ƙarama in za ta yi faɗa sai ta rage murya, shi ya fi ciwo.

Ta ce, "Mama, ki daina ba shi labarin shamuwa da kaskon suya. Ki yi masa magana ta gaskiya."

Na ce, "Me kike so in ce masa?"

"Ki ce kina tsoro."

Na ce ni ba na tsoro, kuma mota za ta tafi ta bar ni. Na zauna a tasha har ƙafafuna suka yi sanyi kafin motar ta zo.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da la'asar

Ma'aikata sun kewaye hasumiya da ƙarafuna da katako, ta zama kamar mai karaya da aka ɗaure. Doña Nuria ta manna wa bangon wasu 'yan akwatuna kamar na ashana, kowanne da wayarsa. Ta ce ranar Alhamis za su yi awo. Ta liƙa takarda a ƙofar coci, ta kuma shiga wurin Fermín ta yi wa maza bayani.

Ta tambaye ni jikin maigida. Na ce da sauƙi. Duk wanda ya tambaya haka nake ce masa, har bakina ya saba ba ya jiran izinina.

Talata, 18 ga Fabrairu, da yamma

Bai yarda ba. Likita ya ce mini wata yana tafiya, kamar ni ba ni da kalanda a gida.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Irin albasarsa ya isa dashe, har ya fara kwanciya. Aikinsa ne, ba ya barin kowa ya taɓa, wai ni ina dasa su a karkace. Gobe zan je in dasa su a karkace, in yana da magana ya zo ya gyara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da almuru

Gidana cike yake da abinci. Ba zan iya rubutu yau ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da safe, cikin motar zuwa birni

Bari in rubuta abin jiya kafin Primi ta ƙara masa gishiri.

Ina lambu bakin rafi ina dashe, waya na bar ta a gida tana caji. Sai na ji Barbara. Bugu ɗaya mai nauyi, aka bar shi yana amo har ya mutu don kansa. A garinmu abu ɗaya ne ke sa a yi wa Barbara haka. In an yi rasuwa ana buga ta a hankali, a jira, a sake. Biyu in mace ce, uku in namiji ne. Kafin kowa ya zo maka da labari, ka riga ka san rabinsa.

Na miƙe da albasa a hannu. Aka buga na biyu. Tsakanin na biyu da na uku akwai shiru mai tsawo, kuma a cikin shirun nan na yi wani abu da ba zan rubuta ba. Sai aka buga na uku.

Maza nawa suka rage mana? Fermín na gan shi da safe yana share ƙofa. Sauran duk na ji tarinsu a hanya. Namiji ɗaya ne ke kwance. Na ce Begoña ta neme ni ba ta samu ba, ta kira Fada. Abin da ya fara zuwa mini a rai har kunya yake ba ni: na ce ashe Doña Nuria tana da kirki, ta buɗe masa hasumiyarsa. Na sunkuya na ƙarasa layin da na fara, ban san dalili ba. Na wanke hannu a rafi na kama hanya.

Kafin in isa gida, gari ya riga ni. Primi na zaune bakin ƙofata da baƙin mayafi, ba hawaye. Fermín ya rufe mashaya ya taho rungume da tukunyar wake. Matan unguwa sun cika tebur da burodi da cuku da waina, wata har ta buɗe kabad ta fito da rigar toka tana gogewa. Kowa ya zo ya riƙe ni, ni kuwa na tsaya kamar itace.

Muna cikin haka sai Barbara ta sake. Ɗaya, biyu, uku.

Primi ta juya kunnenta mai ji ta ce, "Wani kuma?"

Fermín ya shafa ƙirjinsa, ina jin dubawa yake ko shi ne. Da aka sake buga wasu ukun sai muka sha jinin jikinmu, don garin nan ba shi da maza uku na asara a rana ɗaya. Muka ɗunguma zuwa coci, baƙi ƙirin, Fermín bai ma ajiye tukunyar ba.

Doña Nuria na zaune gindin hasumiya da kwamfuta a cinya, ma'aikacinta na sama da guduma. Awon ke nan. Su buga, su jira bangon ya gama rawa, su sake, sau uku don a tabbatar. Ta ɗaga kai ta gan mu, ta miƙe ta cire hular kwano.

Ta ce, "Wa ya rasu?"

Primi ta ce, "Ke za mu tambaya, 'yata, ai ke kika sanar."

Da aka yi mata bayani ta dafe baki, ta dube ni. Can ta nuna takardar ƙofa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ranar Alhamis za a buga babbar ƙararrawa don gwaji. Ba wanda ya karanta, wa ke yawo da tabarau? Fermín ya ce lalle ta faɗa a wurinsa, amma daidai lokacin ana bugun daga kai sai mai tsaron gida ne a talabijin. Laifin namu ne tsaf, ba ruwan baiwar Allah.

Na koma gida da gudu, ni da gwiwoyin nan, na ɗauki waya na kira. Begoña ta ɗauka ta ce, "Baba? Ga shi nan yana faɗa da mai jinya a kan matashin kai. Mama, lafiya kike haki?" Na zame na zauna a ƙasa da wayar a kunne, na ce ta bar ni in saurari faɗan.

Abincin kuwa ba a mayar da shi ba. Muka zauna muka ci ta'aziyyar Eutimio tas. Doña Nuria tana ci tana ba da haƙuri, fuskarta ja kamar barkono, Primi tana ƙara mata wake tana cewa bugun nata ma bai kai nawa muni ba. Mai gugar riga ta ce tun da ta fara bari ta ƙarasa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Jiya na tarar da shi zaune, ba kwance ba, an jera masa matasan kai a baya. Primi ta riga ta kira shi, ba sai na faɗa ba. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Da me ya buge ta?"

"Da guduma."

Ya rufe ido. "Bayan na uku ya haɗa da Agueda?"

"Bai haɗa ba."

"Shekara hamsin ina sallamar mutanen garin nan yadda ya kamata, kowa da darajarsa, ni kuma a sallame ni da guduma kamar ana gyaran taya. Fermín ya rufe shago?"

"Ya rufe. Har da tukunyar wake."

"Da nama ko gaya?"

"Da nama."

Sai ya gyara zama, ransa fes. Ya sa na lissafa masa duk waɗanda suka zo da abin da kowa ya kawo, wanda ya makara ya ce zai tuna masa. Mutumin gadon kusa ya ce shi bai taɓa ganin mamaci mai bin diddigi haka ba. Begoña ta yi dariya har ta fita neman kofi.

Da ta fita sai ya ce, "Ke fa, me kika yi?"

Na ce, "Na ƙarasa dasa albasarka. A karkace."

"Kafin nan. Bayan na biyu." Bai ɗauke ido daga kaina ba. "Na san shirun nan, Casilda, ni nake yin sa. Daga sama ina ganin mutane sun tsaya cak a gona da bakin ƙofa. Kowa akwai abin da yake yi a ciki."

Na nemi tawul in ninke, babu. Sai na gaya masa.

Na ce, "Na roƙi Allah ya tsaya a biyu."

"Wa kike nufi?"

"Ko wace ce. Yayarka. Matar Fermín. Ni kaina in zai karɓa. Ban zaɓa ba, na ce dai ya tsaya a biyu."

Daga nan bakina ya ƙi rufuwa. Na ce masa ina tsoro, tun sabuwar shekara nake tsoro, ina kwana da shi ina tashi da shi. Na ce na riga na ji yadda abin yake sau ɗaya, daga rafi har ƙofar gida, kuma ba zan iya sake hawa hanyar nan ba, ba yanzu ba, ba alhali likita na tsaye yana cewa akwai abin yi ba. Na yi kuka a gabansa, irin mai majina, mutumin gadon kusa ya juya ya fuskanci bango don kara.

Ya juya ya kalli wurin ajiye motoci.

Ya ce, "Ke kaɗai kike a lambun?"

"Ni kaɗai."

Begoña ta shigo da kofi biyu ta tsaya turus. Ya ce mata, "Ajiye wannan, 'yata. Je ki kira mini likitan nan mai dogon wuya, kafin uwarki ta ƙarar da matan garinmu."

Litinin, 24 ga Fabrairu, da yamma

Jibi za a yi.

Doña Nuria ta biyo ta gida da kwalin alewa da wani sabon ban haƙuri. Ta ce awon ya nuna in sun ɗaure bangon da ƙarfe ta ciki, zai ɗauki bugun hannu, wataƙila kafin girbi. Na gode mata, na cika mata jaka da ƙwai.

Ban gaya masa ba tukuna. Ya yarda ba don Barbara ba, kuma ina so in ɗan mori wannan kwana biyu.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da rana, bakin ɗakin tiyata

Sun shiga da shi tun safe. Yana kan gadon turawa yana gaya wa mai tura shi cewa tayar hagu na neman mai.

Primi ta ce sai ta zo, mun taho da ita da jakar abinci kamar za mu sauka wata ƙasa. Begoña na ta kai da kawo. Zaman ya yi tsawo, abin nan kuma yana cina, sai na matsa gefen kunnenta mai ji na gaya mata addu'ar da na yi a lambu, har da sunanta da ke ciki. Na ce ta yafe mini.

Ta ci gaba da ɓare lemo ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ni ma ita na yi. Da aka buga na biyu na ce Allah ka tsaya nan. Sai na lissafa matan da suka rage, na ga ni ce a gaban layi." Ta miƙo mini rabin lemon. "Ban janye ba. Ni na goya shi, kin manta?"

Laraba, da yamma

Likita ya ce aikin ya yi kyau, sauran sai a hankali. An bar ni na shiga ni kaɗai. Idonsa rabi a buɗe, bai san inda yake ba, bai san ko ni wace ce ba. Hannunsa na dama ne kawai ke motsi bisa bargo, yana damƙa yana saki kamar mai laluben igiya. Na sa hannuna a ciki, ya ja.